Dokin Ƙofar Tsohuwar Kat-kat: Yadda Nake Yanke Tsatsa In Sa Sabon Ƙarfe

Shekara ashirin da ɗoriya ina gyaran jikin mota a nan Maraɗi, kuma aikin da ya fi haɗa ni gardama da masu mota shi ne na dokin ƙofa. Ina nufin doguwar ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi, daga bayan tayar gaba zuwa gaban tayar baya, wadda kake tsallakawa in za ka shiga. Mai mota yakan zo ya nuna mini ɗan kumburi a fenti, bai fi kan yatsa ba, ya ce a shafa masa mastik, abin shafen nan da ake cike lotsar jikin mota da shi, a fesa fenti kafin la'asar. Ni kuwa na san abin da ke bayan kumburin.

Wani Alhaji mai fataucin hatsi, wanda ke bin kasuwannin hanyar Dakwaro, ya taɓa kawo mini Land Cruiser ɗinsa, ƙirar 60, irin waɗanda Toyota ta fara fitarwa a 1980. Inji lafiya lau, gazuwal take sha, silinda shida. Na durƙusa na sa turnabis a kan kumburin na ɗan danna, ba da ƙarfi ba. Sai ya shige kamar an soka wa ƙosai tsinke. Na matsa taki ɗaya na sake dannawa, ya sake shigewa. Alhaji ya ce, "Kai malam, ka hwa ɓata mini mota!" Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, fenti kawai na huda. Ƙarfen ya daɗe da tafiya." Da muka yanke fatar waje, yashi da busasshen taɓo suka zubo, sun kusa cika tiya, har da ɓawon gyaɗa da ƙwayar gero da ta fara tsiro ta mutu a duhu.

Dokin ƙofa ba falle ɗaya ba ne. Akwati ne dogo mai rami a ciki: fatar waje da kake gani, fatar ciki da ke haɗe da daɓen mota, wasu motocin har da wani falle a tsakiya. An haɗe su da ɗigo-ɗigon walda a leɓen sama da na ƙasa, kuma a leɓen ƙasan an bar ƙananan kafofi don ruwa ya fita. In yashi ya toshe kafofin nan, ruwan da ya shiga ba shi da hanya, sai ya kwanta cikin taɓo. Rana ta busar da waje cikin awa ɗaya, ciki kuwa ya yi makonni da danshi. Shi ya sa tsatsar wurin nan daga ciki take cinyowa, irin cin gara. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, ita ke turo fenti ya kumbura, kuma lokacin da ka ga kumburin ta riga ta huda.

Mutane na mamaki yadda mota ke ruɓewa a gari mai rani irin namu, inda damina ba ta wuce Yuni zuwa Satumba. Da yawan kat-kat ɗinmu, wato motocin nan masu ja da taya huɗu, da cutarsu suka zo. A Turai gishiri ake barbaɗa wa hanya lokacin ƙanƙara, motar ta yi shekaru tana shansa, sannan ta zo ta zauna a tashar jirgin ruwa ta Kwatano cikin iskar teku kafin a hauro da ita. Mu kuma mu ɗora namu: tsallaka gulbi da damina, dakon kanwa da gishiri da takin zamani, da yaran wanki masu kwarara bokiti cikin mota su mayar da tabarmar roba a kan jiƙaƙƙen daɓe.

Kafin ka taɓa injin yanka, ka san iyakar ɓarnar. Ka wanke ƙasan motar sosai, ka cire matakala in akwai, don bayanta taɓo ke maƙalewa. Ka bi dokin ƙofar da ƙaramar guduma daga gaba zuwa baya. Ƙarfe mai rai ƙara yake yi ƙal, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum kamar ka bugi kwali. Ni ina da maganaɗisun tsohuwar lasifika da nake bi da shi, duk inda ya ƙi kamawa na san wani ya riga ni ya cusa mastik. Na taɓa tono jarida da ragar sauro daga irin wannan wuri. Ka leƙa ta ƙasa ka duba fatar ciki, da gindin ginshiƙan ƙofa guda uku, musamman na tsakiya, don a nan kusa ake ɗaure bel ɗin kujera. Ka duba kuma kunnuwan da jikin mota ke zama a kan shasi, wato ƙashin ƙarfen da ke ƙarƙashin mota. Motoci irin su Land Cruiser 60 da 80, da Nissan Patrol da tsohuwar Pajero, jiki daban shasi daban, saboda haka dokin ƙofa ba shi ke ɗauke da nauyin motar duka ba kamar a ƙananan motoci. Amma shi ke riƙe ginshiƙai da daɓe wuri ɗaya. In ka tarar shasin kansa ya huje, ka dakata da maganar dokin ƙofa, wancan ne aikin farko, kuma wani lokacin gaskiyar da za ka gaya wa mai mota ita ce kuɗin gyaran ya fi motar.

Duk inda turnabis ya shiga ka zagaye da alli, sannan ka ƙara yatsa biyu ko uku bayan layin. A nan za ka yanka.

Yanzu shiri, wanda shi ne yara ke ƙyuya a kansa. A cire batir. Wasu ƙirar 60 masu gazuwal batir biyu gare su, a cire duka. A fitar da kujerun gefen da za a yi aiki, a ɗage darduma da tsummokin da ke ƙarƙashinta, a cire robar bakin ƙofa. Wayoyin da ke kai wuta fitilun baya galibi ta gefen nan suke bi, a janye su a ɗaure nesa. Ta ƙasa kuma ka nemo bututun mai da na birki a jikin shasi, ka kare su da fallen tol, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfe siriri, da jiƙaƙƙen buhu. In motar mai esansi ce kuma aikin ya kusanci tanki, ni sauke tankin nake yi, ba na jayayya da wuta. Gilasai a rufe su da kwali, don tartsatsin injin gurza nutsewa yake cikin gilashi ya bar ɗigon da ba ya goguwa.

Wannan maganar ta tsummoki da kaina na koye ta. Ina sabon buɗe garejina, na ɗage dardumar wata Patrol amma na bar wani guntun tsumma da ya liƙe a lungun ginshiƙi. Na gama walda, muka tafi sallar azahar. Muna dawowa yarona ya ce, "Maigida, kamar ƙauri nake ji." Wutar ba ta yi harshe ba, ci kawai take a hankali, ta riga ta narkar da wayoyi kusan kamu ɗaya. Kwana biyu na yi ina haɗa waya da kuɗin aljihuna. Tun daga ranar, in ina walda yaro ɗaya na zaune cikin motar da bokitin ruwa da jiƙaƙƙen tsumma, ba ya komai sai kallo, kuma ba ma barin mota ita kaɗai sai an yi awa guda da kashe inji.

Motar ta tsaya a wuri mai daidai, a kan tayoyinta ko a kan kafaffun ƙarafa ƙarƙashin shasi. Kada ka shiga ƙarƙashin mota da kirik kaɗai ke riƙe da ita, jak in ji mutanen Katsina. Gefe ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan, don lafiyayyen gefen ko mai dama-dama shi ne abin kwatancenka. Ka auna bakin kowace ƙofa, tsaye da kwance da kuma kusurwa zuwa kusurwa, ka rubuta a jikin bango. In za ka cire dokin ƙofar gaba ɗaya, ka ɗana ƙarfe mai kusurwa daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi ta ciki da ɗan ɗigon walda, ya riƙe su kada su motsa. Ƙofofin kuma ni ba na cire su sai dole. Su ne ma'aunina: bayan kowane mataki ina rufe ƙofa in ga ko tazarar ƙasa tana nan yadda take. Wanda ya tsallake wannan zai gama aiki mai kyan gani, sannan ƙofa ta ƙi rufuwa sai da kafaɗa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Yankan kansa ba wuya. Faifan yanka siriri, na milimita 1, tabarau a ido, kuma kada ka nutsa faifan da zurfi don akwai wani falle a baya. Ɗigon waldar kamfani da ke leɓe, ka goge fenti za ka gan su kamar tambarin yatsa. Ka huda kowanne da ƙusar huji ta milimita 8, fatar sama kaɗai, ka sa kurfi siriri ka raba. Abin da ke da wuya shi ne zuciya ta yarda ka ci gaba da yanka. Ƙa'idata ita ce sai na ga bakin yankan fari tas, mai kaurinsa na asali. Ƙarfen da tsatsa ta lashe ya zama kamar takarda ba ya karɓar walda, kana taɓa shi zai buɗe rami, ka bi ramin ya sake buɗewa. Gara ka yanke faɗi ka huta. Inda tsatsar sama-sama ce kuma ƙarfen na da kauri, buroshin waya ya isa, sai a bi da maganin tsatsa mai asid fosforik, wanda ke mayar da jan wurin baƙi. Ruwan batir ba maganin tsatsa ba ne, ko da wa ya gaya maka. Cin ƙarfen zai ci gaba da yi bayan ka rufe.

Sai maganar ƙarfen da za a sa. Fatar waje ta asali ba ta cika wuce milimita 1 ba, ta ciki ta ɗan fi ta kauri. Ni ina sa tol na 1.2 a waje, 1.5 a ciki, don ya fi jure zafin irin waldar da muke da ita. In babu sabo, rufin matacciyar mota ko murfin injinta ƙarfe ne mai kyau, ka kankare fentin kawai. Kwanon rufin ɗaki ba ya yi, ya yi siriri ƙwarai. Tol mai farin shafi na tutiya kuma, in dole sai shi, ka gurje shafin a inda za ka yi walda, don farin hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon kai cikin dare, kuma waldar ba ta kwanciya. Duron mai kaurinsa ya yi, amma ba a kai wa rufaffen duro wuta ko tartsatsi, ko ya shekara babu komai ciki.

Siffar kuwa da kwali ake ɗaukarta. Kwalin taliya ya ishe ni. Ka ɗora a kan ramin ka danna da yatsa mai datti, gefen zai fito, ka yanke da almakashi, ka gwada har ya zauna. Lanƙwasar jikin dokin ƙofar kuma, ka ɗauki waya mai ɗan tauri ka bi da ita a wurin da bai ruɓe ba, daga leɓen sama zuwa na ƙasa, ta zama ma'auninka. Ka yi irin wannan wayar a gaba, tsakiya da baya, don siffar takan canja kusa da taya. Ba ni da injin lanƙwasa. Ƙarafa biyu masu kusurwa nake matse tol ɗin a tsakaninsu, in ɗora guntun katako in riƙa bugun katakon da guduma, daga wannan kai zuwa wancan, kaɗan-kaɗan, sau huɗu ko biyar kafin kusurwar ta cika. In ka ce a bugu ɗaya za ka kwantar da shi, zai yi tudu da kwari. Wurin da ke da zagaye a kan bututun ruwa nake tanƙwara shi. Dokin ƙofar ƙirar 60 ya haura mita ɗaya da rabi, da hannu ba ya fita miƙe a falle ɗaya, saboda haka gida biyu nake yinsa, in sa mahaɗin nesa da gindin ginshiƙi.

Daga ciki ake faro gini. Fatar ciki tukuna, da bakin daɓe, da gindin ginshiƙai, sannan fatar waje ta zo ta rufe. Kafin ka rufe, ka shafe cikin akwatin da bayan sabon fallen da jan fentin hana tsatsa, ka bar yatsa ɗaya a gefe inda wuta za ta bi. Wannan ce kaɗai damar da hannunka zai shiga wurin.

Walda ita ce inda aiki ke kyau ko ya lalace. Wanda ke da inji mai zaren waya da kwalbar iska ya huta, shi aka yi don siririn ƙarfe. Mu akasarinmu waldar lantarki ta sanda muke da ita, ko waldar iska ta kabaid. Sanda ta 2.5 da ake ƙofofin gida da ita huda tol take yi. Ka nemi ta 1.6 ko ta 2, ka sauke wutar inji ƙasa, ka gwada a kan ragowar tol ɗin har ka ga tana kamawa ba ta hudawa. Wayar ƙasa ta injin ka maƙala ta kusa da inda kake aiki, a kan ƙarfe fari. Kuma ba a jan layi. Ɗigo ake yi: ɗaya a wannan kai, ɗaya a wancan, ɗaya a tsakiya, ka rufe ƙofa ka duba, ka gyara da guduma, sannan ka riƙa cike tsakani kana tsallake-tsallake, kowane ɗigo nesa da wanda ya gabace shi. In ba za ka iya ɗora tafin hannu kusa da wurin ba, ka tsaya ka sha shayi. Zafi ke murɗa tol, kuma in ya murɗe babu mastik ɗin da zai ɓoye shi. Waldar iska ta fi yaɗa zafi, da ita sai ka ninka haƙurin, ka ajiye jiƙaƙƙen tsumma gefe da gefe. Jan ƙarfen da ake narkawa a liƙa, wanda wasu ke so don yana kwanciya sumul, ban yarda da shi a gindin ginshiƙi ba. Liƙi ne, ba haɗi ba.

Inda hannu ke iya kaiwa baya, ina danna guntun tagulla, tsohon bututu da na buge ya baje, a bayan mahaɗin. Walda ba ta kama tagulla, tana tare narkakken ƙarfe kuma tana shanye zafi. Da ita ake cike ramin da aka huda bisa kuskure.

Mahaɗi iri biyu ne. Baki da baki, da ɗan tsagi kamar kaurin tol ɗin a tsakani, shi ya fi kyau don ba ya barin lungun da ruwa zai kwanta. Amma da sanda yana da wuya, kuma ba na ganin laifin wanda ya ɗora falle kan falle da santimita ɗaya, muddin na sama ne ya rufo na ƙasa ta waje kamar jerin kwanon rufi, ruwa ya gangare ya wuce. Leɓen ƙasa da na sama kuwa, ka huda sabon fallen da ramuka na milimita 6 zuwa 8, tazarar yatsa biyu, ka matse shi da na baya sosai, ka cika kowane rami da walda tun daga ƙarfen baya. Wannan ke maye gurbin ɗigon kamfani.

Ga kuma laifina na biyu, wanda ya fi na wutar ciwo don a motar Alhajin nan na yi shi. Gefen direba na gama, na bi leɓen ƙasa na rufe shi ruf, ina jin daɗi wai ruwa ba zai shiga ba. Ruwa kuwa ba ta ƙasa kaɗai yake shiga ba. Robar gilashin gaba ta tsufa, ruwan sama na bin cikin ginshiƙi yana sauka kai tsaye cikin akwatin da na toshe. Damina biyu ya dawo, in ya taka birki sai ka ji ruwa na kai da komo a ƙarƙashin ƙafa. Na huda, jan ruwa ya tsiyayo ya fi lita. Bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Ashe randa ka gina mini." Na sake aikin kyauta. Yanzu kowane dokin ƙofa ina bar masa kafa uku ko huɗu a wuri mafi gangare, kowace ta isa fensir ya shiga, bakinta na kallon baya don taya kada ta watso taɓo ciki. Kuma ba na sallamar mota sai na sa yaro ya zuba ruwa a kan gilashi da rufi ina ciki ina duban ta inda yake ɗiga.

In walda ta kammala, ka gurje tudun kawai, kada ka cinye tol ɗin da ke gefe. Da magariba ka zura tocila cikin akwatin ta wani rami, ka duba ta waje. Duk inda haske ya fito kamar tauraro, rami ne, ka koma ka ɗiga masa. Sannan a goge, a shafa fentin hana tsatsa, a bi mahaɗai da mannin jikin mota mai kama da roba. Mastik na da wurinsa, amma shafe ne don daidaita fuska, kaurinsa kada ya wuce milimita 2 ko 3, kuma a kan ƙarfe mai lafiya. Yana shan ruwa. Wanda ya cusa shi kan tsatsa ya yi kitso da ƙwarƙwata. Fesa fenti da sassafe nake yi, bayan an yayyafa wa ƙasa ruwa. Lokacin da na fi so ga aikin nan duka shi ne bayan ɗaukewar damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, mota ta bushe kuma hazo bai sauko ba. Cikin zafin Afrilu fenti kan bushe tun bai kwanta ba.

Saura cikin akwatin, inda wuta ta ƙone fentin da ka shafa a bayan mahaɗai. Sai fentin waje ya yi mako, don maiƙo da fenti ba sa shiri. Ka huda rami na milimita 10 a sama, inda robar bakin ƙofa za ta rufe shi, ka zura siririn tiyo ka fesa. Akwai kakin da aka yi musamman don wannan, in ka samu ka saya. In babu, sabon man giya da aka narka ɗan giris a ciki yana aiki. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda kowa ke cewa a zuba don kyauta ne, ni na daina: yana da dattin ƙuna, yana wari cikin zafi, kuma ba ya daɗewa yake tsiyayewa. Ka toshe ramin da roba, ka ajiye motar a rana a kan kwali ta yini tana ɗiga, sannan ka tabbata man bai toshe kafofin ƙasa ba.

Motar Alhaji tana nan tana aiki, ɗansa ke tuƙa ta yanzu. Kowane watan Mayu, kafin ruwan farko, yakan biyo da ita. In ɗauki wayar tayar keke in zura cikin kafofin nan ɗaya bayan ɗaya, yashin rani ya zubo, in ƙara mata mai ta ramin sama, ya ba yara kuɗin shayi ya kama hanyar Dakwaro.